Yadda Za a Riƙe Sabon Ɗalibi a Kwalejin Al'umma ta Amurka Har Ya Karɓi Takardarsa

A Amurka akwai makarantun gaba da sakandare da ake kira kwalejojin al'umma. Sun kai wajen dubu ɗaya, kuma ta garin Joliet da ke jihar Illinois, wadda ake ɗauka ita ce ta farko a cikin na gwamnati, tun 1901 take aiki. Karatunsu na shekara biyu ne. Ɗalibi zai tara kiredit 60, wato makin da ake samu a kan kowane kwas da aka ci, a ba shi ƙaramin digiri, ko ya kama aiki da shi, ko ya wuce jami'a ya ƙarasa shekara biyun da suka rage. Wanda ya san tsarin Najeriya zai ga sun ɗan yi kama da kwalejojin kimiyya da fasaha, sai dai su ba su da jarrabawar tantancewa irin ta JAMB, duk mai takardar sakandare ƙofa a buɗe take gare shi, kuma galibinsu jeka-ka-dawo ne, babu ɗakin kwanan ɗalibai. Saboda haka nan ce makarantar direban tasi, da mai aikin jinyar tsofaffi, da uwar 'ya'ya uku, da 'ya'yan baƙi. Hausawan Ghana da Nijar da Najeriya mazauna unguwar Bronx a birnin New York sun san kwalejin Bronx da ta Hostos sarai, don ta nan 'ya'yansu da dama suke farawa.

Shiga ba wuya, fita da takarda ita ce aiki. Cikin ɗalibai 100 da suka fara a irin wannan kwaleji, waɗanda ke samun wata takardar shaida a cikin shekara shida wajen 43 ne. Kusan 80 cikin 100 suna shiga da niyyar kai wa ga cikakken digiri, amma wajen 16 ne ke kai wa. Abin da ya fi ɗaure kai shi ne kusan kowace kwaleji tana da ofishin ba da shawara, da ɗakin ƙarin darasi, da ofishin tallafin kuɗi, wasu har da ɗakin rabon abinci. Taimakon yana nan, amma a warwatse yake, kuma an bar wa ɗalibi ya nemo shi da kansa. Baƙo kuwa ko da ido makaho ne. Wannan jagora ta masu aiki a irin waɗannan makarantu ce, shugabanni da malamai da masu ba da shawara, amma iyayen da ke da ɗa a can ma za su tsinci tambayoyin da ya kamata su yi wa makaranta.

Mataki na farko: ku gano inda suke zubewa

Kada ku fara da ƙirƙiro sabon shiri. Ku ɗauki duk waɗanda suka shiga a zangon kaka na shekara uku da suka wuce, ku bi su ɗaya bayan ɗaya. Nawa aka ba gurbi amma ba su taɓa shiga aji ba? Nawa suka gama zangon farko babu kiredit ko ɗaya? Nawa suka dawo zango na biyu, nawa suka dawo shekara ta biyu? Nawa suka ci lissafi da Turanci na matakin kwaleji a shekararsu ta farko? Wannan ta ƙarshen ku sa mata ido sosai, domin masu bincike a cibiyar nazarin kwalejojin al'umma ta Jami'ar Columbia sun daɗe da nuna cewa tana cikin alamomin da suka fi bayyana wanda zai kammala.

Sannan ku rarraba alƙaluman: 'yan dare daban, masu 'ya'ya daban, waɗanda suka haura shekara 25 daban, masu koyon Turanci daban. Jimla ɗaya ɓoye ciwo take yi. In kun gama da takarda, ku ɗauki waya ku kira waɗanda suka tafi. Kwalejin Amarillo da ke Texas, a zamanin shugabancin Russell Lowery-Hart, ta tambayi ɗalibanta abin da ke hana su ci gaba, sai ga shi manyan amsoshin ba na cikin aji ba ne: wajen ajiye yara, abin hawa, abinci, kuɗin haya, kuɗin wuta, asibiti. Daga wannan amsar aka sake fasalin makarantar, kuma a 2023 ta ci kyautar Aspen, wadda ita ce babbar kyautar da ake ba kwalejojin al'umma, tare da kwalejin Imperial Valley ta Kalifoniya.

Mataki na biyu: tsakanin ba da gurbi da ranar fara karatu

A watannin bazarar nan ake asarar mutane da yawa ba tare da kowa ya lura ba, domin ba su riga sun shiga rajistar kowane malami ba. Yaro ya samu gurbi, ya yi murna, sai takardu su taso masa. Akwai fom ɗin FAFSA na neman tallafin gwamnatin tarayya, wanda ke buƙatar bayanin harajin iyaye. Akwai shaidar zama ɗan jiha don a rage masa kuɗin makaranta. A New York akwai shaidar allurar rigakafin ƙyanda da sauransu. Wanda ya yi sakandare a waje kuma, misali mai takardar WAEC, sai an tantance takardunsa. Kowace takarda ofishinta daban, kuma ɗaya in ta maƙale sai a toshe masa rajista.

Ku haɗa jerin abubuwan nan a shafi ɗaya, da harshe mai sauƙi, kowanne da ranar da wa'adinsa zai cika. Ku riƙa aika saƙon tes, domin ɗan shekara 18 ba ya buɗe imel ɗin makaranta, kuma saƙon ya zama na abu guda: "Takardar allurarka ce kaɗai ta rage, ka kawo ta ɗaki kaza kafin ranar kaza." Lallai in ya mayar da amsa a samu mutum ya amsa masa. Ku ware ranaku, har da Asabar da yamma, inda ma'aikatan dukkan ofisoshin za su zauna a zaure ɗaya a gama wa ɗalibi komai a zama guda. FAFSA kuwa a cike ta tare da shi a gaban kwamfuta. Miƙa masa takardar bayani ya tafi gida da ita bai wadatar ba.

Taron maraba da sababbin ɗalibai ya zama dole, kuma a gayyaci iyaye da mazaje da mata. Gida da yawa na baƙi ba su san cewa kowace awa ɗaya a aji tana bukatar kamar awa biyu na nazari a waje ba, sai su ga yarinya ta dawo ƙarfe ɗaya na rana su ɗauka ta tashi ke nan, a miƙa mata ƙanne da tukunya. In akwai al'umma mai yawa da ke jin wani harshe a yankin, Sifaniyanci ne ko Bangali ko Hausa, a nemi tsohon ɗalibi mai jin harshen ya yi bayani. Limamin masallacin unguwa ko faston coci zai tara muku iyaye fiye da duk wata sanarwa da za ku liƙa a bango.

Abu ɗaya mai ɗaci: ku hana rajistar makara. Kwalejin Valencia ta Florida, wadda ta fara cin kyautar Aspen a 2011, ta kafa dokar cewa da zarar aji ya zauna sau ɗaya, ba a ƙara shigar da kowa. Ana ganin kamar rashin tausayi ne, amma wanda ya shigo a mako na biyu, babu littafi, tallafinsa bai fito ba, shi ne ya fi kowa faɗuwa. Tausayin gaskiya shi ne a tanadi wasu kwasa-kwasai masu farawa bayan 'yan makonni, a sa shi a ciki ya fara daga farko.

Mataki na uku: ku daina tura su azuzuwan share fage

Nan ne aka fi yi wa ɗalibai ɓarna da kyakkyawar niyya. Shekara da shekaru tsarin shi ne, ɗalibi na zuwa a zaunar da shi gaban kwamfuta ya yi gwajin lissafi da Turanci, irin su Accuplacer, sau da yawa ba tare da an gaya masa muhimmancin gwajin ba. In makinsa ya gaza, sai a tura shi ajin share fage, wani lokaci hawa biyu ko uku kafin ya kai kwas ɗin gaske. Azuzuwan nan ana biyan kuɗinsu, suna cin tallafi, amma ba su da kiredit ko ɗaya da ke shiga lissafin digiri. Ku duba yadda abin yake: ko da bakwai cikin goma suna cin kowane hawa, kuma bakwai cikin goma na waɗanda suka ci suna dawowa su yi na gaba, waɗanda za su isa kwas ɗin gaske bayan hawa uku kusan 12 ne cikin 100. Da yawa daga waɗanda suka ɓace ba faɗuwa suka yi ba, gajiya suka yi da hanya.

Gyaran kashi biyu ne. Na farko, a daina dogara da gwajin rana ɗaya. Sakamakon ɗalibi na shekarun sakandare ya fi gwajin nuna ko zai iya, domin yana ɗauke da labarin zuwa aji da yin aikin gida da jimiri. Kalifoniya ta mayar da wannan doka a 2017, ta tilasta wa kwalejojinta amfani da makin sakandare wajen sanya ɗalibi a aji. Florida tun 2013 ta cire wa yawancin waɗanda suka gama sakandaren gwamnatin jihar wajibcin gwajin.

Na biyu, wanda yake da rauni da gaske a sa shi cikin kwas ɗin gaske kai tsaye, a haɗa masa da ƙarin awa biyu ko uku a mako na taimako a kan abin da ake koyarwa a makon. Kwalejin gundumar Baltimore ce ta yi suna da wannan salo a darasin Turanci tun 2007: ƙaramin rukuni na masu rauni suna zama aji ɗaya da sauran, in an tashi su kuma su ci gaba da malamin nan dai a zama na biyu. Jihar Tennessee ta shimfiɗa salon a dukkan kwalejojinta a 2015, kuma masu cin lissafin matakin kwaleji a shekarar farko, cikin waɗanda da share fage za a tura su, suka tashi daga wajen kashi 12 zuwa sama da rabi. Jami'ar Birnin New York, wato CUNY, wadda kwalejojin al'ummar birnin ke ƙarƙashinta, ta yi gwaji, ta raba ɗalibai rukuni-rukuni da ƙuri'a: waɗanda aka tura aljabarar share fage kashi 39 suka ci, waɗanda aka sa a kwas ɗin ƙididdiga na matakin kwaleji tare da ƙarin taimako kashi 56 suka ci, alhali su kwas ɗinsu mai kiredit ne.

Wannan gwajin ya taɓo wata tambaya da ya kamata sashen lissafi ya zauna a kanta: wane lissafi? Mai son zama injiniya dole ya bi ta aljabara. Mai karatun aikin jinya ko walwalar jama'a ko aikin jarida ƙididdiga ce za ta yi masa amfani. Ku sa ran gardama daga malamai a nan, kuma gardamarsu ba ta banza ba ce, don akwai ɗalibin da ya bar makaranta shekara 15 da suka wuce, ko wanda Turancin ne kansa bai zauna ba. Irin waɗannan a yi musu shiri mai tsanani na zango ɗaya kafin su fara, mai araha, wanda ba zai taɓa tallafinsu ba. CUNY tana da irinsa na lissafi da rubutu, tana da wani na koyon Turanci mai awa 25 a mako. Sharaɗin dai shi ne ya zama gajere, kuma ƙofarsa ta buɗe kai tsaye cikin kwas mai kiredit.

Mataki na huɗu: taswirar karatu da jadawalin da mai aiki zai iya bi

Kundin kwasa-kwasan kwaleji yakan ƙunshi ɗaruruwa, a ce wa sabon ɗalibi ya zaɓa. Ƙarshenta sai ya tara kiredit 75 ko 80 babu digiri, domin rabin abin da ya ɗauka ba ya cikin abin da ake nema. Kowane fanni a rubuta masa taswira: zango na ɗaya ga kwas huɗu ko biyar, zango na biyu ga su, har ƙarshe. Wanda bai yanke shawara ba a sa shi ya zaɓi babban ɓangare, lafiya ko kasuwanci ko kimiyya ko ilimi, inda kwasa-kwasan zangon farko iri ɗaya ne, kuma a tabbata akwai kwas ɗaya aƙalla a zangon farko da ya shafi abin da ya kawo shi. Wadda ta zo don aikin jinya, in ta shekara ba ta ji kalma ɗaya a kan jikin ɗan Adam ba, zuciyarta za ta fita.

Ku yi musu lissafin nan a fili tun ranar farko. A wajen tallafi, kiredit 12 a zango shi ne cikakken karatu, amma 12 sau huɗu 48 ne, ba 60 ba. Mai son gamawa a shekara biyu sai ya ɗauki 15, ko ya cike giɓin da zangon bazara. Jami'ar Hawaii ce ta fara yayata wannan a 2012, jihohi da dama suka bi. Tun 2017 kuma Pell, wato tallafin gwamnatin tarayya ga ɗalibai masu ƙaramin ƙarfi, yana iya biyan karatun bazara, abin da ɗalibai da yawa ba su sani ba. Ni dai ban ga hikimar matsa wa mai aikin awa 40 ya ɗauki 15 ba. Abin da za a nuna masa shi ne 30 a shekara ko abin da ya yi kusa da haka, ya san farashin tafiya a hankali kafin ya zaɓe ta.

Jadawali kuwa a dunƙule shi: 'yan safe su gama kafin azahar, 'yan yamma su fara bayan tashi daga aiki, kuma ya zama iri ɗaya zango bayan zango don mutum ya iya gaya wa mai gidansa a wurin aiki. Aji ƙarfe tara, wani ƙarfe uku, wannan na ɗalibin da ke kwana a makaranta ne. Kwalejin Odessa ta Texas ta mayar da yawancin kwasa-kwasanta na mako takwas maimakon 16, ɗalibi ya riƙe biyu a lokaci guda maimakon huɗu, kuma in rashin lafiya ta faɗo masa a tsakiya rabin zango ya rasa, ba duka ba. Inda Musulmi ke da yawa, kada a ɗora ajin gwaje-gwaje na dole, wanda ba shi da madadi, a daidai lokacin Juma'a.

Mataki na biyar: kowane ɗalibi da mutuminsa

In kuɗinku na abu ɗaya ne kawai, a nan za ku zuba shi. Misalin da ya fi kowanne hujja shi ne shirin ASAP da CUNY ta fara a 2007. Ƙungiyar bincike ta MDRC ta gwada shi da ƙuri'a a kan ɗalibai kusan 900 a kwalejoji uku, Kingsborough da LaGuardia da ta Manhattan, dukkansu masu ƙaramin ƙarfi da ke da giɓi a lissafi ko Turanci. Bayan shekara uku, kashi 40 na 'yan shirin sun kammala, sauran kuwa kashi 22. Da aka kwaikwayi shirin a kwalejoji uku na jihar Ohio, sakamakon ya fito 35 da 19. A harkar ilimin gaba da sakandare samun irin wannan tazara abu ne mai wuyar gaske.

Me ke cikinsa? Ɗalibi zai yi alkawarin karatu na cikakken lokaci. Makaranta za ta cike masa ragowar kuɗin da tallafi bai biya ba, ta ba shi littattafai, ta ba shi katin shiga jirgin ƙasa da bas kyauta. Za a ba shi mai ba da shawara guda ɗaya, wanda zai riƙe shi daga shiga har fita. A lokacin gwajin kowane mai ba da shawara ɗalibai 60 zuwa 80 yake riƙe da su, alhali a sauran makarantar mutum ɗaya na fama da 600 zuwa 1,500. 'Yan shirin sun ce sun ga nasu kimanin sau 38 a shekarar farko, sauran kuwa sau shida.

Dabarar da ta ɗaure komai ita ce katin nan. Ba a ba da na wata mai zuwa sai ɗalibi ya cika sharuɗɗan wannan watan, ciki har da ganin mai ba shi shawara. A Ohio, inda mota aka fi hawa, katin dala 50 na mai ko cefane aka riƙa bayarwa a wata. Ɗalibi zai zo don kati, a zaman ne kuma za a ji cewa an sauya masa lokacin aiki, ko ya daina zuwa ajin kimiyya mako biyu ke nan. Shirye-shiryen da aka gwada na zango ɗaya, irin su haɗa sababbin ɗalibai rukuni-rukuni ko ƙarin shawara na ɗan lokaci, sukan yi tasiri kaɗan, da an janye su kuma tasirin ya bi iska. Na ASAP shekara uku yake tafiya.

Ga yadda za a tsara aikin. A raba ɗalibai tun kafin zango ya fara, mai ba da shawara ya kira nasa ya gabatar da kansa. Zaman farko na sanin juna ne: ina kake aiki, awa nawa, wa ke riƙe maka yara, yaya kake zuwa, wa kake aika wa kuɗi a gida? Tambayar ƙarshen nan kada a raina ta, ɗan baƙi da yawa albashinsa ba nasa ba ne shi kaɗai. A zangon farko kowa ya zo sau biyu a wata. Daga nan a kasa su uku gwargwadon bukata, masu tangal-tangal su ci gaba da zuwa akai-akai, waɗanda suka miƙe a sassauta musu. Da wannan rabon ne CUNY ta iya ɗaga adadin zuwa ɗalibai 150 ga mutum ɗaya lokacin da ta faɗaɗa shirin ya kai ɗalibai 25,000. Kowane zama a rubuta abin da aka yi a wuri ɗaya da sauran ma'aikata za su iya gani. In za a tura ɗalibi wani ofis, a raka shi ko a ɗaga waya a gabansa. "Je ka ɗaki na 204" ba taimako ba ne.

Mataki na shida: malamai da makonni ukun farko

Ɗalibin jeka-ka-dawo ba ya zuwa kulob, ba ya zuwa wasa. Aji shi ne duk makarantar a wurinsa. A Odessa an duba malaman da ɗalibai ba sa barin ajinsu, aka ga ba salon koyarwa ne ya haɗa su ba, halaye huɗu ne: suna kiran ɗalibai da sunansu tun makon farko, suna lura da wanda ya fara ja da baya su yi masa magana nan take, suna ganawa da kowa shi kaɗai a farkon zango, kuma dokokinsu a bayyane suke amma suna sassautawa in uzuri ya zo. Aka nemi kowane malami ya ɗauki waɗannan huɗun. Ba su cin ko sisi, sai dai a tuna cewa sama da rabin azuzuwan kwalejojin al'umma malaman wucin-gadi ne ke koyar da su, waɗanda ake biya kwas-kwas, wasu ba su da ko teburi. In ana son su gana da ɗalibai, a biya su awannin, a ba su ɗaki.

Kowane malami ya ba da ɗan aiki mai maki kafin ƙarshen mako na uku. Jarrabawar tsakiyar zango ta yi nisa, kafin ta zo mai nutsewa ya nutse. Wanda ya yi fashi biyu a jere ko bai kawo aikin farko ba, sunansa ya isa wurin mai ba shi shawara, a neme shi cikin kwana biyu, sannan a koma a gaya wa malamin abin da aka samu. Makarantu da yawa sun sayi manhaja mai tsada don wannan, malamai suka yi ta tura suna babu amsa, har suka daina.

Akwai dokokin tallafi guda uku da kowane malami ya kamata ya sani kafin ya ce wa ɗalibi "gara ka janye." Tallafin tarayya yana bukatar matsakaicin maki 2.0 cikin 4.0 da kuma cin kusan kashi 67 na kiredit ɗin da aka yi wa rajista, kuma janyewa ana lissafa ta cikin waɗanda ba a ci ba. Wanda ya bar dukkan kwasa-kwasansa kafin a ci kashi 60 na zango, za a mayar da wani ɓangare na tallafinsa, bashi ya hau kansa. Pell kuma zango 12 na cikakken karatu ne iyakarsa a rayuwar mutum. Ɗalibi na iya rasa tallafi a shekararsa ta farko bai ma san akwai dokar ba, kuma bai san ana ɗaukaka ƙara ba. A nuna masa hanyar, a taya shi rubutawa.

Mataki na bakwai: kuɗin gaggawa

Pell mafi girma dala 7,395 ne a shekarar karatu ta 2024 zuwa 2025, wanda a yawancin jihohi ya isa kuɗin makaranta. Rayuwa ce ba ya isa. Wani babban bincike na cibiyar Hope a 2020 ya samu kusan huɗu cikin goma na ɗaliban kwalejojin shekara biyu suna fama da ƙarancin abinci. Tayar mota ta fashe, ko an yanke wuta, ko mai reno ta tafi, sai karatun shekara ya rushe a kan dala 300.

Ku ware asusu, fom ɗinsa shafi ɗaya, hukuncinsa cikin kwana ɗaya ko biyu, a biya mai gidan haya ko makaniki kai tsaye. Kwamitin da ke zama sau ɗaya a wata ba na gaggawa ba ne. Amarillo ta tara ɗakin abinci da na tufafi da ma'aikatan walwala a cibiya ɗaya a tsakiyar makaranta, inda shiga ba abin kunya ba ne. A taya ɗalibai neman abin da suke da haƙƙi a kai a wajen gwamnati, kamar tallafin abinci na SNAP da na renon yara. Sai dai kuɗi kaɗai ba ya riƙe mutum. A kwalejin gundumar Tarrant ta Texas an gwada: waɗanda aka ba damar kuɗin gaggawa kawai ba su fi sauran kammalawa ba, waɗanda aka haɗa musu da mai bibiyar lamarinsu su ne suka yi gaba, musamman mata. Don haka asusun ya bi ta hannun mai ba da shawara.

Ku duba kuma ƙananan basussukan da ke toshe rajista. Tarar laburare ko ta ajiye mota ta hana ɗalibi dawowa, makaranta ta yi asarar kuɗin zango guda don ta karɓi dala 80. A sa iyaka, duk bashin da bai kai ta ba kada ya hana rajista.

Mataki na takwas: shekara ta biyu da ƙofar fita

Kafin a tafi hutun zangon farko kowa ya yi rajistar na biyu, a cikin aji in ya yiwu. FAFSA duk shekara ake sabunta ta, a tuna musu. Mai niyyar wucewa jami'a a tambaye shi wace jami'a da wane fanni tun shekarar farko, domin ofishin binciken kuɗi na gwamnatin Amurka ya ƙiyasta a 2017 cewa masu sauya makaranta suna asarar kusan kashi 43 na kiredit ɗinsu. Yarjejeniya a rubuce da jami'o'in kusa, kwas da kwas, ita ce maganin wannan, kamar wadda ke tsakanin Valencia da Jami'ar Tsakiyar Florida, inda mai ƙaramin digiri ke da tabbacin gurbi. Duk zango a binciko waɗanda suka haura kiredit 45, a ga abin da ya rage musu, a tabbata kwas ɗin yana cikin jadawali. Wanda ya cika sharuɗɗa a ba shi takardarsa ba sai ya cike fom ya biya kuɗi ba.

Mataki na tara: kuɗin aikin da yadda za a fara

ASAP na asali ya ci kimanin dala 14,000 a kan kowane ɗalibi cikin shekara uku, na Ohio kuwa wajen 5,500. A duka biyun, in aka raba abin da aka kashe da yawan waɗanda suka kammala, kowane digiri ya fi araha a cikin shirin. Amma kwaleji ba da digiri take biyan albashi ba, kuma cikin ukun nan na Ohio, ta gundumar Lorain ce kaɗai ta riƙe shirin bayan kuɗin gwaji ya ƙare. Saboda haka tun ranar farko a san daga wane layi na kasafin makaranta albashin masu ba da shawara zai fito in kuɗin masu ba da agaji ya ƙare, a kuma lissafa kuɗin makarantar da ɗaliban da aka riƙe za su shigo da shi.

Waɗanda ba su cin kuɗi sosai a fara da su a shekarar farko: gyaran sanya ɗalibai a aji, taswirar kwasa-kwasai, hana rajistar makara, halaye huɗun malamai, cire toshewar ƙananan basussuka. Mai tsadar a fara shi da rukuni guda, misali sababbin ɗalibai 300 da masu ba da shawara biyu ko uku, amma a ba su cikakken kunshin, da kati da littattafai da zaman dole. Raba shi gutsi-gutsi ga mutum 3,000 shi ne komawa inda aka fito. In masu nema sun fi gurbi yawa a yi ƙuri'a, hakan adalci ne, kuma zai ba ku rukunin da za ku auna da shi. Mutum ɗaya mai muƙami, wanda zai iya kiran shugaban sashen lissafi da ma'ajin makaranta su zauna teburi ɗaya, shi za a ɗora wa alhakin duka, kuma duk ƙarshen zango ya kawo alƙaluman mataki na farko gaban malamai, na 'yan shirin da na sauran, a jere.